Hoton da na ɗauka a Paris ya rufe mini ƙofar fita

Anti, assalamu alaikum. Shekarata biyu ke nan da biyo maigidana ƙasar Jamus, muna zaune a Kolon. Yana karatun digiri na uku, jami'a na biyansa ɗan abin da muke rufa wa kanmu asiri da shi, ni kuwa ina gida, Allah bai kawo haihuwa ba tukuna. Tun ina Kano ya yi mini alkawarin in na zo zai zaga da ni ƙasashen da ke kewaye, tunda ga su nan kusa kamar Kano da Zariya. Bara da zafi ya cika alkawari sau ɗaya, muka hau bas muka je Paris, kwana biyu. Na ɗauki hoto a gindin hasumiyar Eiffel na ɗora a status ɗina na WhatsApp. Ko gida ba mu dawo ba yayarsa ta kira shi, ta ce ashe kuɗi na nan, amma da aka ce ya turo na gyaran rufin ɗakin Hajiya sai ya ce a jira ƙarshen wata. Hajiya ita ba ta ce komai ba sai "Allah ya kiyaye hanya", amma na ji sanyin muryarta.

Tun daga ranar ko ƙofar gari ba mu sake leƙawa ba. Da na ɗauko zancen sai ya ce ba yawo ya kawo mu Turai ba, ko ya ce katin zamana ya kusa ƙarewa, kada mu ja wa kanmu. Saura shekara ɗaya da rabi mu koma gida. Ina tsoron in koma a tambaye ni me na gani, in ce kicin da kantin cefane. Makon jiya wata ƙawata 'yar Kumasi ta ce za su je Amsterdam ita da mijinta, na ce masa zan bi su ko ya yarda ko bai yarda ba. Yau kwana huɗu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Anti, laifi ne don na so ganin duniya, ko shi ne ke tauye ni?

Ƙanwarki a Kolon

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Son ganin duniya ba laifi ba ne, kuma ba zan ce miki ki haɗiye shi ba. Amma kafin mu kai can, akwai kalma ɗaya a wasiƙarki da nake so ki janye tun a daren yau, wato "ko ya yarda ko bai yarda ba". Ba ki da niyyar tafiya, na sani, haushi ne ya faɗa da bakinki. Shi kuwa abin da ya ji shi ne matarsa za ta bi mijin wata zuwa wata ƙasa saboda shi ya gaza kai ta. Namijin da aka yi wa gorin kuɗi daga gida, aka zo aka ƙara masa da wannan a ɗakinsa, shirun kwana huɗu ma ya yi ƙoƙari. Ki dafa abin da ya fi so, ki ce masa kin yi kuskuren magana, kuma ba inda za ki sai da shi. Kada ki haɗa da "amma kai ma". Nasa laifin yana nan, za mu zo kansa, sai dai ba a daren ban haƙuri ake karanta shi ba.

Yanzu mu koma kan hoton nan, don a nan igiyar ta tsinke. Ke kin san yadda tafiyar ta kasance. Ina iya hasashe: bas ɗin dare, wuya ya ƙage, ƙafa ta kumbura, ɗaki ɗan ƙarami can bayan gari, burodi da dafaffen ƙwai a jaka. Duk wannan bai fito a hoto ba. Abin da ya fito shi ne ke cikin sabuwar abaya, ga hasumiyar da ake gani a talabijin a bayanki. Wanda ke kallo daga Kano ba ya lissafi da yuro, da naira yake yi, kuma yuro 100 ta haura naira dubu ɗari nesa ba kusa ba. Bai san hayar ɗakinku na wata ɗaya za ta iya biyan hayar shekara a wata unguwar ba, bai san inshorar lafiya dole ce a Jamus ba, bai san ko kuɗin rediyo da talabijin kowane gida sai ya biya ko yana kallo ko ba ya kallo ba. Abin da ya sani shi ne damina ta kama, ɗakin tsohuwa na yoyo, ɗanta na Paris. Ki sa kanki a matsayin yayar nan minti ɗaya. In da ƙaninki ne da matarsa, da ɗakin mahaifiyarki, me za ki ce?

Ban ce ta kyauta ba. Kiran mutum yana kan hanya a yi masa gori ba tarbiyya ba ce, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma ku kuka tsaga bangon, ku biyun: shi da ya jinkirta kuɗin rufi ya gabatar da tafiya, ke da kika tallata. Da an tura na rufin kafin a hau bas, ko da rabi ne, da bakin kowa ya mutu.

To ga abin da nake gani yana damun maigidanki, ko da bai faɗa ba. Kunya ce. An nuna shi a gaban mahaifiyarsa a matsayin ɗan da mace ta janye, kuma ba abin da ɗan Bahaushe ke tsoro kamar a ce da shi mijin-ta-ce. "Allah ya kiyaye hanya" ɗin Hajiya ya fi masa zafi fiye da duk surutun yayarsa. Sai ya yanke wa kansa hukunci, ya ce ba zai sake ba, ya manta hukuncin a kanki ya fi sauka. Shi kullum yana fita, yana ganin mutane, yana hira da abokan karatu, wataƙila ma jami'a ta tura shi taro wata ƙasa. Ke kuwa a watan Disamba ƙarfe huɗu da rabi na yamma rana ta faɗi a Kolon, kin yini ba wanda ya yi miki sallama. A gida ko kulle ake yi wa mace, akwai maƙwabta ta katanga, akwai yara 'yan aike, akwai mai tallan ƙosai, akwai biki da suna duk mako. Na zauna a Bonn shekaru da maigidana, tazarar rabin awa daga inda kike, kuma na san ranar da na kama kaina ina yi wa tukunya magana. Wannan kaɗaicin shi ne laifinsa, don bai tsaya ya gan shi ba. Idan kin zo yi masa bayani, daga nan za ki fara, kada ki fara da Amsterdam. "Ina so in je Amsterdam" yana jin sa kamar buƙatar kashe kuɗi. "Yau kwana tara ban yi magana da kowa ido da ido ba sai kai" kuwa zai sa ya ajiye cokali.

Zancen katin zama da yake kawowa, kada ki ɗauke shi hanzari kawai, akwai gaskiya a ciki. Bari in warware miki. Jamus na cikin yankin Shengen, wanda yanzu ya ƙunshi ƙasashe 29. Duk wanda ke da izinin zama mai aiki a ɗaya daga cikinsu yana iya ziyartar sauran ba tare da biza ba, har kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Ƙasashe tara ne ke iyaka da Jamus, wato Faransa, Beljiyam, Holan, Luksambag, Suwizalan, Ostiriya, Cek, Polan da Denmak, kuma duka suna ciki. Ingila da Ayalan ba sa ciki, mai fasfon Najeriya sai ya nemi bizarsu daban, don haka ki cire Landan daga lissafi a yanzu. Sharaɗin shi ne katin ya kasance da ransa har ku je ku dawo, kuma a tafi da shi tare da fasfo. Katin kaɗai ba ya isa.

Wannan na koye shi ne da hawaye. Wata Asabar muka hau bas zuwa Brussels, na ce ai ba a duba komai, na bar fasfona a cikin akwati ƙarƙashin gado. A hanyar dawowa 'yan sanda suka tsayar da motar suka hau suna bin kujera-kujera. Aka sauko da mu ni da shi, fasinja na leƙenmu ta taga, ga sanyi, ga hijabina kowa na kallo. Sai da suka gama bincikensu a na'ura suka ja mana kunne. Ranar maigidana bai ce mini uffan ba har gida, kuma wallahi da ya yi faɗa ya fi mini sauƙi. A lokacin ma binciken jefi-jefi ne. Tun watan Satumban 2024 Jamus ta faɗaɗa binciken zuwa dukan iyakokinta na ƙasa, kuma ni da ke mun san baƙar fata ba ya cikin waɗanda ake tsallakewa.

Idan katinki ya kusa ƙarewa, ku nemi sabuntawa da wuri a ofishin kula da baƙi, don layin na da tsawo. Yayin jira sukan ba mutum takardar wucin gadi da suke kira Fiktionsbescheinigung. Iri-iri ce: wadda ake ba mai sabunta izinin da yake da shi tana ba da damar fita da dawowa muddin ba ta ƙare ba, akwai kuma wadda in ka fita da ita ba za ka shigo ba. Ku tambayi ma'aikacin da ya miƙo muku ita, baki da baki, ko ana tafiya da wannan. Ni dai shawarata, in kuna cikin wannan tsakanin ku zauna a Jamus har sabon kati ya fito. Ke ki ɗauki nauyin wannan aikin, ki nemo ranar ganawa, ki haɗa takardu a fayil. Ranar da kika ajiye masa sabon kati a kan tebur, hujja ɗaya ta faɗi ba tare da gardama ba.

Sai kuɗi, kuma a nan nake ganin kin yi wa kanki ƙunci. Kin sa a ranki yawon buɗe ido shi ne Paris da Amsterdam, otal da hoto. Ƙanwata, inda Allah ya ajiye ki, mutum na iya karyawa a gida, ya yi azahar a wata ƙasa, ya dawo ya kwana a gadonsa. Akwai tikitin wata-wata da ake kira Deutschlandticket, wanda aka fara a watan Mayun 2023 a kan yuro 49, daga baya kuɗin ya ƙaru. Da shi ana hawa bas da tarago da jiragen ƙasa na kusa a faɗin Jamus, ban da masu gudun nan irin ICE. Mai yiwuwa maigidanki na da shi ko makamancinsa ta jami'a. Daga Kolon zuwa Aachen, garin Jamus da ke bakin iyaka, kamar awa ɗaya ne a jirgin kusa. Daga Aachen bas na gari ke shiga Vaals, wanda yake cikin Holan, kuma a kan tudun da ke bayan garin akwai wurin da Jamus da Beljiyam da Holan suka haɗu. Za ki zagaya ɗan dutsen alama ki taka ƙasa uku kafin ki gama salati. Tudun nan, mita 322, shi ne wuri mafi tsawo a Holan ta Turai, abin da zai sa mutumin Jos dariya har ya riƙe ciki. Maastricht ma tana nan kusa da Aachen, tsohon gari a bakin kogi, kuma ranar Lahadi da kantunan Jamus ke rufe, nasu da yawa a buɗe suke.

Luksambag kuwa tun shekarar 2020 shiga bas da tarago da jirgin ƙasa kyauta ne a duk ƙasar, in ba aji na ɗaya mutum ya zaɓa ba. Ta garin Trier na Jamus ake bi. In kuna da ƙarfin hali ku gangara har ƙauyen Shengen ɗin kansa, a bakin kogin Mosel, inda ƙasashe biyar suka sa hannu a yarjejeniyar buɗe iyakokin da ke tsakaninsu a cikin jirgin ruwa a 1985. Ɗan ƙauye ne da za ki gama zaga shi kafin shayi ya huce, amma sunansa ne ke hana mutane barci a layin biza a Abuja da Legas. Ni abin ya ba ni dariya da na gan shi. Irin wannan wurin ne ma zai ja hankalin mai digiri na uku, don maza irin naki in aka ce musu yawo sai su ɗaure fuska, in aka ce tarihi sai su ɗauko hula.

Kuma bari in tambaye ki: babbar majami'ar Kolon da ke bakin tashar jirgi, wadda aka fara ginawa a 1248 ba a gama ba sai 1880, mutane na tasowa daga Japan don su gan ta, kin taɓa tsayawa kin ɗaga kai kin dube ta da kyau? Kin yi Juma'a a babban masallacin unguwar Ehrenfeld? Kin bi jirgin kusa ta gefen kogin Rhine daga Koblenz zuwa Bingen, inda tsofaffin ganuwoyi ke kan duwatsu hagu da dama? In amsar a'a ce, to ba iyakar ƙasa ce ta tsare ki ba.

Ga yadda zan so ku tsara aljihu. Ku zauna da biro da takarda farkon wata. Haya, inshora, cefane, sannan kason Hajiya, a fitar da shi a tura kafin komai, kuma ke ce za ki riƙa tuna masa. Ina nufin haka da gaske. Ranar da albashi ya shigo ki ce, "Ka tura wa Hajiya kuwa?" Bayan wannan, a ware ɗan abu, ko yuro 20 ne ko 30, a gwangwani ko wani asusu, a sa masa suna kuɗin fita. Abin da ya taru shi ne iyakar tafiyarku, daidai ruwa daidai tsaki. In ya isa Aachen, Aachen. In an yi haƙurin wata shida ya isa Amsterdam da kwana ɗaya, alhamdu lillahi. Amfanin wannan a wurinsa ya fi na wurinki, don duk ranar da wani ya sake buɗe baki, zuciyarsa ba za ta tsinke ba, ya san bai ci haƙƙin uwarsa ya hau jirgi ba. Almubazzaranci shi ne a zubar da dukiya inda bai dace ba a bar wajibi. Mutumin da ya sauke wajibinsa ya fitar da iyalinsa shan iska bai shiga wannan sahun ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya ya tafi da wadda ta faɗo a kanta, kuma a kan hanyar tafiya ne ya yi tsere da Nana A'isha. Ki ajiye wannan a ranki, amma kada ki jefe shi da shi a tsakiyar gardama. Wa'azin mata ga miji lokacin fushi ba ya shiga.

Sannan ke ma ki sa hannu a gwangwanin. Galibin matan da suka zo ta hanyar biyo miji izininsu na ba su damar aiki, ki duba abin da aka rubuta a katinki ko 'yar takardar da ke tare da shi. Akwai ƙananan ayyuka na 'yan awoyi da ake kira Minijob. Akwai ajin koyon Jamusanci a Volkshochschule, makarantar manya da kusan kowane gari ke da ita. Ban ga kin ambaci ko ɗaya a wasiƙarki ba, kuma wannan ya fi damuna fiye da Amsterdam. Shekara biyu a ƙasa, in har yanzu sai da shi kike zuwa wurin likita don ya yi miki tafinta, to ko ƙasa goma ya kai ki za ki dawo ɗakin nan ki tarar da shirun yana jiranki. Ajin nan zai ba ki dalilin sa takalmi sau uku ko huɗu a mako, ki haɗu da 'yan Siriya da Turkiyya da Iritiriya masu irin halinki. Kuma tikitin da mace ta saya da guminta, ba yayar mijin da ke da ta cewa a kansa.

Idan tafiyar ta tashi, ga 'yan abubuwan da kan ɓata wa ma'aurata rai a hanya. Tikitin bas irin FlixBus da na jirgi mai gudu suna araha ne in an saya da makonni, ranar tafiya kuwa wuta suke. Daga Kolon jirgi mai gudu na kai Brussels cikin kamar awa biyu, Paris uku da 'yan mintuna, don haka Brussels ba ta buƙatar otal. Ki juya katin inshorar lafiyarku, in ta gwamnati ce za ki ga bayansa shuɗi, wannan shi ne na Turai da ake nunawa in ciwo ya kama mutum a maƙwabta. Layin wayarku na aiki a ƙasashen Tarayyar Turai ba ƙarin kuɗi tun 2017, amma Suwizalan ba ta cikin Tarayyar, kuɗinta ma faran ne ba yuro ba, kuma tsadarta sai wanda ya gani. In kun nufi can ku kashe intanet ɗin waya tun kafin iyaka. Ki yi guzuri: dambun nama, cincin, soyayyar kaza, fulas ɗin shayi. Rabin faɗan miji da mata a tafiya yunwa ce, ana ta zagaye ana neman halal, ƙafa ta gaji, kowa na ganin laifin kowa. In guzuri ya ƙare, shagon Baturke ko Balarabe ba ya wuyar samu kusa da manyan tashoshi. Fasfo da kati a 'yar jaka a gaba, ƙarƙashin mayafi, don masu yankan aljihu a wuraren 'yan kallo sun fi na Kantin Kwari ƙwarewa. Ki sa takalmi mai faɗi, ki bar mai tsinin nan, titunansu na dutse ne.

Salla kuma ku tsara ta tun daga gida. A mazhabarmu ta Malikiyya tafiyar da ta kai burudi huɗu, kimanin kilomita 80, ana yin ƙasaru, muddin ba a yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Brussels da Luksambag da Amsterdam duk sun wuce haka daga Kolon. Ku duba masallaci mafi kusa da inda za ku kafin ku tashi, ki sa ƙaramar darduma a jaka. In Allah ya sake kai ku Paris, ku je babban masallacinta da aka buɗe a 1926, akwai lambu da wurin shan shayi mai na'ana'a. Hoton da aka ɗauka a can, ko ya ɓulla a gida, ba mai cewa komai sai masha Allah.

Wanda ya kawo mu kan status. Ki daina, aƙalla na tafiye-tafiye. Na san za ki ce akwai yadda ake ɓoye wa wasu, amma dangi kamar rariya suke, wadda kika bari ta gani ita za ta ɗauka ta tura. Ki ɗauki hotunanki son ranki, ki wanke su, ki sa a albam, 'ya'yanku za su gani in sha Allah. Wannan ba ƙarya ba ce kuma ba munafunci ba, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In Hajiya ta kira kuna hanya ta tambaya, a gaya mata gaskiya, mun ɗan fita nan kusa. Kuma ki gyara tsakaninki da ita da kanki. Ki kira ta ranar Juma'a ba don komai ba, ki tambayi ƙafarta, ki tambayi ko an gama rufin. In ba a gama ba, kuɗin gwangwanin wata ukun farko can za su, kuma ki bari daga bakinki shawarar ta fito. Duk tafiyar da kuka yi, ki sayo mata ɗan abu, ko man zafi ne ko mayafi mai kauri na hunturu, ki ajiye sai mai zuwa gida ya samu. Tsohuwar da ake tunawa da ita a hanya, da wuya ta ƙi hanyar. Yayar kuwa ki bar wa ƙaninta, tsakaninsu ne, kada ki sa baki ko da ta tsokane ki.

Ƙawarki 'yar Kumasi ki yi mata godiya ki ce wannan karon ba zai yiwu ba. Nan gaba, in ruwa ya kwanta, tafiyar gida biyu tare abu ne mai kyau, maza na hirarsu kuna taku, a raba kuɗin masauki. Amma sai mazan sun san juna, kuma gayyatar ta bi ta wurinsa. Ku fara kiransu cin tuwo wata Lahadi.

In kin yi duk wannan, an biya na Hajiya, kati ya fito, gwangwani ya yi nauyi, ya ce har yanzu ko Aachen ba za a je ba kuma ajin Jamusanci ma bai yarda ba, to magana ta canja, ta tashi daga kunya ta koma tauyewa. A nan sai ki sake rubuto mini, ko ki sami wani babba da yake jin nauyinsa a cikin Hausawan da ke nan yankin, akwai su a Kolon da Bonn, ya zauna da ku. Ban zaci za a kai can ba. Mutumin da ya hau bas ɗin dare da kuɗin ɗalibi don ya cika wa matarsa alkawari, ba mugu ba ne, tsorata shi aka yi.

Bayan kun shirya da kwana biyu ko uku, ranar Asabar in gari ya yi haske, ki soya kaza ki cika fulas, ki ce masa ya raka ki bakin Rhine ku tsallaka gadar Hohenzollern da ƙafa, wadda masoya suka cika da kwaɗuna. Ba ko sisi a ciki. Ki bar wayar a jaka.

Antinki